Bakolori: Tarihin Baraji da Mutanen da Ba a Ƙidaya Ba

Ƴan uwana ɗalibai, duk sa'ad da ake maganar baraji a ƙasarmu, lambobi ukku ake jera muna: yawan ruwan da zai tara, yawan hektar da zai shayar, da ƙarfin wutar da zai bayar. Lambobin nan suna da daɗin ji ga duk wanda ya san abin da ake kira fari. Amma akwai lamba ta huɗu wadda ba kasafai ake karanta ta a rediyo ba, wato mutum nawa ne ke cin abinci da ruwan gulbin tun kafin a tare shi. Ita nake so mu duba, ta hanyar tarihin wani baraji da ke kusa da mu, a ƙasar Zamfara, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira Dam ɗin Bakolori. Na zaɓe shi don mutanen wurin Hausawa ne kamarmu, nomansu irin namu ne, kuma abin da ya same su a rubuce yake, mai so yana iya bin diddiginsa.

Gulbin kafin baraji

Gulbin Sakkwato yana tasowa daga wajajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya bi ta ƙasar Maradun da Talata Mafara, ya je ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Daga nan ruwan ya gangara Argungu da Birnin Kabi har ya faɗa kogin Isa. Gulbin Maraɗi ma, bayan ya gama zagayensa cikin ƙasarmu, Rima yake komawa. Ke nan ruwanmu da na Bakolori hanyarsu guda daga Sakkwato zuwa gaba.

Irin gulaben nan kun san halinsu. Da damana su cika su batse, su malale fadama. Da rani su koma rairayi. Wannan malalar ita ce dukiyar mutanen bakin gulbi. In ruwa ya hau, ana noman shinkafa. In ya janye, ya bar laka da danshi, sai a dasa albasa, dankali, rogo, taba da tattasai, wasu da jigo suke ɗebo ruwa daga rijiya gajera. Tafkunan da ya bari suna cike da kifi. Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa lokacin da tudu ya bushe ƙarmas. Fili guda, masu cin moriyarsa huɗu ko biyar, kowa da watansa. Ba a rubuta tsarin a takarda ba, amma kowa ya san iyakarsa da lokacinsa.

Yadda anka gina shi

A 1969 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da sakamakon binciken da ta yi kan kwarin Sakkwato da Rima. Shawararta ita ce a yi aiki madaidaici kusa da Talata Mafara, a tafi sannu a hankali, kada a birkita noman da mutane sunka saba da shi.

Sai abubuwa biyu sunka faru kusan lokaci guda. Na farko, farin 1972 zuwa 1974, wanda iyayenmu ba su manta da shi ba, ya nuna cewa dogara da ruwan sama kaɗai kasada ce. Na biyu, farashin man fetur ya ninka har sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, baitulmalin Najeriya ya cika. Ga tsoron yunwa, ga kuɗi a hannu, ga kuma biredi ya shiga bakin mutanen birni, ana shigo da alkama daga waje. Maganar tafiya sannu ta daina samun masu saurare. Gwamnatin soja ta kafa hukumar raya kwarin Sakkwato da Rima a 1973, aikin kuma ya faɗa hannun kamfanin Italiya mai suna Impresit, na gidan Fiat. Abin lura a nan, ɓangaren da ya yi nazarin ko aikin ya dace shi ne ya samu kwangilar ginawa. Wanda zai sayar maka da doki, in ka tambaye shi ko kana bukatar doki, ka san amsar da zai ba ka.

An fara aiki a 1974, an rufe gulbi a 1978. Ganuwar ta kai kilomita 5.5, mafi yawanta ƙasa ce anka tara anka danne, tsakiyarta kuma siminti mai tsayin mita 48. Tafkin ya rufe hekta 8,000, ya miƙe kilomita 19 baya, yana ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 450. Don ku gane, mita kubik guda tano biyar ce ta lita 200. Filin ban ruwan da anka gyara ya kai hekta 23,000. Daga ciki, 8,000 ruwa ke gangara musu ta kanal da kansa, 15,000 kuma an sa musu bututun feshi, waɗanda ba su aiki sai da famfo da wuta.

Mutanen sama da mutanen tsakiya

Baraji kowane iri yana raba jama'a gida ukku: na sama, waɗanda tafki zai ci garuruwansu, na tsakiya, waɗanda gonakinsu za su zama filin ban ruwa, da na ƙasa, waɗanda gulbi ke isa wurinsu bayan ya wuce ganuwa.

Na sama a Bakolori sun kai aƙalla mutum 13,000, galibi daga ƙasar Maradun. An kwashe su an kai su sabbin matsugunai bisa tudu mai tsauri, nesa da fadamar da sunka gada. Mutumin da ke girbi sau biyu a shekara ya koma jiran damana guda a kan fako. Biyan diyya ya yi ta jan ƙafa, ƙidayar gonaki da itatuwa ta zo da kurakurai, sunayen wasu sun ɓace, na wasu sun fito a wurin da ba su da ko kunya guda.

Na tsakiya su ne anka ce za su fi kowa amfana, amma su ma da hasara sunka fara. Kafin ruwa ya bi kanal sai an baje fili ya daidaita. Katafila ta shiga, ta tuge ɗorawa da kaɗanya da kuka, ta shafe iyakokin gonaki. An hana mutane shuka, wasu damana biyu, wasu har ukku, alhali ba a ba su abin da za su ci ba. Ku tsaya ku yi tunani: magidanci mai iyali goma, rumbu ya ƙare, gonarsa tana gabansa yana kallonta, an ce kada ya taɓa. Mi zai yi? Wasu sun tafi cin rani ba su dawo ba. Wasu sun ci bashi. Wasu sun sayar da gonar da arha ga ƴan kasuwa da ma'aikata masu albashi, waɗanda ke da ƙarfin jira. Sa'ad da anka zo rabon filin da anka gyara, tsofaffin alamomi babu su, rigima ta tashi kan wa ke da ina. Wanda ya samu filinsa kuma ya tarar ba shi ne mai cewa ga abin da za a shuka da ranar da za a shuka ba. Hukuma ke faɗa, ita ke da ruwa, ita ke da tarakta, kuma kowanne da kuɗinsa.

Afirilun 1980

Manoman ba su fara da faɗa ba. Sun kai kuka wurin sarakuna, sun kai wurin hukumar, sun rubuta takardu, sun je kotu. Da mulkin farar hula ya dawo a Oktoba 1979, Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa, Shehu Kangiwa ya zama gwamnan jihar Sakkwato, wadda Zamfara ke cikinta a lokacin, sai sunka sa rai cewa ƴan gida sun hau, za a saurare su. An yi musu alkawari, biya bai zo yadda anka faɗa ba. Sai sunka tare hanyoyin shiga wurin aiki, sunka tsayar da motocin kamfani, aiki ya tsaya cik.

A ƙarshen watan Afirilu 1980 anka turo ƴan sandan kwantar da tarzoma. Sun buɗe wuta, kuma garin da ya fi shan wuya shi ne Birnin Tudu. Waɗanda sunka tsira sun ba da labarin gidaje da rumbuna da anka ƙone, da mutanen da anka kama anka tafi da su. Gwamnati ta ce waɗanda sunka mutu ashirin da ƴan kai ne. Mutanen wurin, da ƴan adawa, da masu binciken da sunka bi sawu, sun kawo adadin da ya haura 380. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita kanta darasi ce: aikin da ya san yawan ruwansa har zuwa mita kubik ya kasa yarda da yawan gawarwakinsa. Björn Beckman, malami ɗan Suwidin da ya koyar a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, yana cikin waɗanda sunka rubuta wannan tarihi don kada ya ɓace.

Mutanen ƙasa

Na sama da na tsakiya aƙalla sunayensu sun shiga takarda, ko da an cuce su. Na ƙasa ko a lissafi babu su. Daga ganuwar zuwa Sakkwato akwai fadama mai tsawon kilomita kusan 120. Ba a tashe su ba, ba a karɓe musu gona ba, don haka a idon hukuma babu abin da sunka rasa. Abin da ya ɓace musu shi ne malalar damana. Shekarun da tafkin ke cika, ruwa bai hau fadama ba. Bayan ya cika ma, hawan ya ragu, ya daina zuwa kan lokaci. Wata shekara a saki ruwa ba zato ya ci shuka, wata shekara a riƙe shi shinkafa ta bushe.

Wani masanin ƙasa ɗan Ingila, William Adams, ya bi ƙauyukan nan a farkon shekarun 1980. Ƙiyasinsa ya nuna cewa cikin fadama hekta 19,000, an rasa noman shinkafa a kusan 7,000, da noman rani a kusan 5,000. Mutane sun koma shuka hatsi da dawa a inda da shinkafa ke fita, rijiyoyin garka sun yi zurfi, kifi ya ragu, masunta da yawa sun bar gida.

Yanzu mu yi lissafin ɗan makaranta. Bututun feshin nan na hekta 15,000 bai daɗe ba. Famfo yana son wuta, wuta tana son gyara da kayan canji daga Turai, kuɗin fetur kuma sun ja baya. Zuwa farkon shekarun 2000 feshin ya mutu, filin da ake shayarwa bai kai hekta 8,000 ba. A ɗaya gefen, tafki ya ci hekta 8,000, fadamar ƙasa ta rasa amfanin kusan 12,000. Gaskiya ne hekta guda ta ban ruwa, in ta samu taki da iri, tana ba da fiye da hektar fadama. Gaskiya ne kuma yau akwai dubban manoma a Talata Mafara da Bakura da ke rayuwa da shinkafar Bakolori, kuma daga 2014 Bankin Duniya ya ba da rance don a gyara wurin tare da wasu irinsa. Ban ce a rushe shi ba. Abin da nake cewa shi ne ribar da anka yi shela da ita an lissafa ta ne kamar gulbin ba ya ciyar da kowa kafin 1978. Da an cire abin da mutanen sama da na ƙasa sunka rasa, da wataƙila shawarar 1969 ce za ta yi nasara.

Wani abin mamaki, abin da ya fi yaɗa noman rani a arewacin Najeriya bayan haka ƙaramin abu ne: rijiyar burtsatse gajera da ɗan injin ban ruwa na fetur, wanda manomi ke ɗaurawa bayan babur. Irinsa ne ke cike da garake a Tawa da Maraɗi. Amma shi ma ruwan ƙarƙashin fadama yake sha, ruwan nan kuwa malalar damana ke cika shi.

Gulbinmu

Kada wani ya ce wannan labarin ƙetare ne. Mu mutanen Maraɗi mun san zaman mutanen ƙasa. Gulbinmu daga ƙasar Katsina yake fitowa, can ana ce masa Gada. Wajajen 1990 anka kammala barajin Jibiya a kansa, dab da iyaka, mai ɗaukar ruwa kusan mita kubik miliyan 140. Daga nan sai abin da anka saki, da abin da ya zuba bayan ganuwa, ke isowa Nyelwa, Madarunfa, Maraɗi, Tibiri da Gidan Rumji. Manoman kwarin sun daɗe suna kukan cewa ruwa ba ya kwana a fadama kamar da. Mutanen Diffa ma suna da irin wannan magana kan Komadugu, tun da anka gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992 a ƙasar Kano.

Amma a yi adalci, mu ma mun zauna a sama. Barajin Mozage da na Zango, waɗanda ke shayar da filin noman Birnin Ƙonni, a kan Maggiya suke, Maggiya kuwa tafkin Kalmalo take zuba, kusa da Illela a Najeriya. Mutanen can sun yi kuka da mu kamar yadda muke kuka da Jibiya. Shi ya sa ƙasashen biyu sunka sa hannu a yarjejeniyar Maiduguri a watan Yuli 1990, kan rabon adalci na ruwan kwari huɗu: Maggiya, Gulbin Maraɗi, Tagwai da ƙasan Komadugu. Yarjejeniyar tana nan, hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu ma tana nan da mazauninta a Yamai. Mu nawa ne cikinmu munka taɓa karanta ta? Manomin Madarunfa ya san yana da haƙƙi a rubuce kan ruwan da ke bayan ganuwar Jibiya?

Kandaji

Ga kuma babban aikinmu. Tun shekarun 1970 ake maganar barajin Kandaji a kan kogin Isa, a jihar Tillaberi, kimanin kilomita 180 sama da Yamai. Dalilinsa mai ƙarfi ne. A 1985 kogin ya tsaya da gudu a Yamai. A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke muna wuta, kowa ya ɗanɗana abin da ake nufi da dogara ga maƙwabci. Tanja Mamadu ya aza tubalin farko a 2008. Kamfanin Rasha da ya fara aiki an soke kwangilarsa a 2013. Mahamadu Isufu ya sake tayar da aikin a 2019 da kamfanin Sin, aikin kuma ya sake tsayawa a 2023 da masu ba da kuɗi sunka janye hannu. Abin da anka tsara shi ne wuta megawat 130, ban ruwa na hekta 45,000, da tafki mai ɗaukar sama da mita kubik biliyan 1.5, ya ninka Bakolori fiye da sau ukku.

Ni ina cikin masu son a gama shi. Amma lamba ta huɗu tana nan: mutum kusan 50,000 ne za su tashi a zagaye na biyu, har da garin Ayoru da kasuwarsa. An riga an koyi wani abu daga baya, don an yi ƙidaya, an gyara filayen musanya ga waɗanda sunka fara tashi, an kuma sa cikin tsarin cewa za a riƙa sakin ruwa don kogi kada ya ƙafe da rani. Sai dai tambayoyin Bakolori ba su tsufa ba. Filin da gwamnati ta gyara da kuɗin jama'a nata ne a doka, don haka an yi ta muhawara kan ba manoma hayar dogon zango. To, wanda ya gaji gona daga kakansa, in ya koma ɗan haya, an biya shi daidai? Tsakanin ranar da zai bar gonarsa da ranar da sabuwar za ta fara ba da amfani, wa zai cika masa rumbu? Makiyayin da shanunsa ke cin burgu a bakin kogi, da masunci, da macen da ke garka a filin da ba sunanta ke kai ba, a wane layi na takardar diyya suke? Manoman shinkafa daga Tillaberi har Gaya, wa zai gaya musu ranar da za a buɗe ƙofa da ranar da za a rufe?

Dokar ƙasarmu ta 1961 kan karɓar fili don amfanin jama'a, wadda anka gyara a 2008, ta ce diyya ta zama ta adalci, kuma a biya kafin a karɓa. Tsarin dokar karkara na 1993 ya kafa kwamitocin filaye, waɗanda muke kira Kofo, masu iya ba manomi takardar shaidar gonarsa. Mutanen Birnin Tudu ba su da irin waɗannan a hannu ranar da katafila ta iso. Namu suna da su a doka, amma da yawa ba su sani ba, mu kuwa da munka iya karatu mun sani.

Don haka ga abin da nake roƙo. Hutun nan, wanda garinsu ke bakin gulbi ko tafki ko kwari, ya ɗauki littafi ya zauna da tsofaffi. Ya rubuta watan da ruwa ke hawa da inda yake tsayawa, wa ke shuka mi, a wane fili, wa ke kiwo bayan girbi, wa ke su, rijiyar garka gaba nawa ce bana, gaba nawa ce shekara ashirin baya. Ya raka wanda ba shi da takardar gona zuwa Kofo. Masu karatun shari'a su nemo yarjejeniyar Maiduguri su juya ta da Hausa, mu buga ta a fitowa ta gaba. In wata rana masu awo sunka iso garinku da taswira, a samu littafin da zai nuna musu mutum nawa ruwan ke ciyarwa, da sunayensu.